Tambayi Likita: Gaban kunne na ciwo, an cire haƙori bai daina ba

Jama'a salamu alaikum. Tun da aka gama layya saƙonnin da ke shigo min yawanci kan muƙamuƙi ne, kuma ban yi mamaki ba dan duk shekara haka ake yi, an soya nama ya bushe ƙamas an cika roba da shi, yara da manya kowa na gwada ƙarfin haƙorinsa har wata biyu. Na tsinto guda bakwai, na rage wa wasu tsawo, sunaye kuma na cire kaman yadda muka saba. Ku tuna dai ban leƙa bakin kowa ba, abin da kuka rubuto nake bi.

Tambaya: Salam Dakta. Ni malamar lakwal ce a nan Zinder, shekarata 34, Garin Malam nake zaune. Yau wata takwas ina fama da ciwo a gaban kunnena na dama, yana hawa har gefen kai wani lokaci ya sauko wuya. An duba kunnen an ce ba komai amma duk da haka aka ba ni na ɗigawa, bai yi ba. Wani wurin aka ce haƙori ne aka cire min na baya guda ɗaya, wlh ciwon na nan inda yake, yanzu an ce in dawo a cire na kusa da shi. In na tashi da safe bakin kaman an ɗaure, in ina cin nama sai in gaji in aje. Uwar mijina ta ce iska ce a kai ni a yi min tsaga. Dan Allah mene ne wannan?

Amsa: Madam, kafin in ce komai, kar ki koma a cire na biyun. Haƙori ba farce ba ne da zai sake tsirowa, kuma wanda aka cire ya riga ya ba mu amsa, an fidda shi ciwo bai gusa ba, to ba shi ne mai laifin ba.

Yanzu da kike karatun nan ki sa yatsa ɗaya-ɗaya a gaban kunnuwanki, dab da ramin kunne, ki buɗe baki a hankali. Kin ji wani ɗan dunƙule ya mirgina gaba ya bar lotsi? To wannan ce gaɓar muƙamuƙi, inda kan ƙashin haɓa ke zama a ƙasan ƙoƙon kai. Tsakanin ƙasusuwan biyu akwai ɗan faifan guringuntsi da ke aikin gammo, shi ke hana su gogar juna. Gaɓar tana juyawa kuma tana zamewa gaba, sannan ta dama da ta hagu a jikin ƙashi guda suke, ɗaya ba ta motsi ba tare da ɗayar ba. Tsakaninta da ramin kunne ɗan siririn ƙashi ne kawai, kuma jijiyar da ke kai saƙon ciwo daga gaɓar ita ce dai ke kaiwa daga wani sashe na kunne da gefen kai, shi ya sa mutum zai rantse kunnensa ne. Wani likitan kunne Ba'amurke, James Costen, ya yi rubutu kan wannan tun 1934, mutane na zo masa da kukan kunne ya duba ya tarar kunne garau. Sai dai shi ya ɗora laifin kan haƙoran baya da suka zube da rashin haɗuwar haƙora daidai, aka yi shekaru ana kankare haƙoran bayin Allah saboda wannan tunani, daga baya bincike ya nuna ba nan babbar matsalar take ba. In kin ga an rubuta ATM a takardarki ba injin cire kuɗi na Kano ake nufi ba, gajeren sunan gaɓar ne da Faransanci, tsofaffin likitoci kuma wasu su rubuta SADAM a matsayin sunan ciwon, shi ma ba na Iraƙi ba ne.

Abin da kika faɗa na tashi da safe baki a ɗaure, da gajiya wurin tauna, da ciwo mai hawa gefen kai, duk sun fi kama da tsokar tauna ce ta gaji, ba ƙashin ne ya lalace ba. Ki cije haƙora ki taɓa kumatunki ta wajen kusurwar haɓa za ki ji wata tsoka ta tashi, ki taɓa tsakanin ido da kunne za ki ji wata. Ki saki, ki danna su da yatsa. In dannawar ta tado miki ainihin ciwon da kika sani, to mun kama ɓarawon. Kuma abin ya fi yawa ga mata, kusan ninki biyu na maza, musamman masu shekara 20 zuwa 40, kin ga ba ke kaɗai ba ce.

Me ke gajiyar da ita? Yawanci cizon haƙora ne da mutum bai san yana yi ba. A ƙa'ida haƙoran sama da na ƙasa ba sa haɗuwa sai wurin tauna da haɗiya, in an tara duka a yini bai kai rabin awa ba. Amma ki lura da kanki gobe, lokacin da kike gyaran takardun yara, ko aji ya kaure da surutu kina haɗiye fushi, ko kina lissafin cefane da albashin da bai kai ƙarshen wata ba, ina kyautata zaton za ki kama haƙoranki a manne. Tsokar da aka yi ta dan aikin minti ashirin an sa ta gadi dare da rana, dole ta yi kuka. Ga maganar yini guda a gaban allo a kai.

To ga abin yi, kuma mafi yawansa ba ya cin ko dala. Na farko ki koya wa bakinki zama: leɓe a haɗe, haƙora a rabe, kan harshe a ganɗa bayan haƙoran sama kaman za ki ce "na". Duk lokacin da kika tuna ki duba, in kin tarar kin cije ki saki, da farko za ki kama kanki ba adadi a yini, kar ki damu haka kowa ke farawa. Sai gashi, tsumma a ruwan ɗumi, ba mai ƙuna ba, ki matse ki ɗora a kumatu da gaban kunne minti 10 zuwa 15, safe da dare, bayan nan ki murza tsokar da yatsu a hankali. Sai motsa gaɓar: harshe a ganɗa, ki tsaya gaban madubi ki buɗe baki sannu a miƙe iyakar inda harshen bai saki ba, ki rufe, sau shida. A yi haka sau shida a yini, ni dabarar da nake ba mutane ita ce bayan kowace salla biyar, na shidan lokacin kwanciya, ba mai mantawa.

Abinci kuma na sati biyu zuwa uku ki yi sallama da kilishi, soyayyen naman layya, aya, goruba, rake, ƙanzo, gasasshiyar masara, burodin da ya kwana, da cingam, shi cingam ma ki bar shi gaba ɗaya. Tuwo mai laushi da miyar kuka, fate, wake da ya dahu luguf, ƙwai, kifi, fura, kunu, nama a yanka ƙanana a dafa shi sosai. Amma fa ba a ce ki koma shan kunu har abada ba, na ga waɗanda tsoro ya sa suka yi wata shida ba su tauna komai ba, tsokar ta ƙara sandarewa suka rame a banza. In sauƙi ya fara zuwa ki riƙa dawo da abinci kaɗan-kaɗan, kina tauna da ɓangare biyu. Ki bar kwanciya rub da ciki, ki bar tagumi, ki bar maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa kina tuƙa tuwo.

Magani, parasetamol ya isa ranar da abin ya motsa. In bai yi ba ibuprofen 400 bayan cin abinci, kar ya wuce sau uku a yini, kwana 7 zuwa 10 ki tsaya, kuma in kina da olsa ko ciwon ƙoda ko juna biyu kar ki taɓa shi sai likita ya ce. A ƙarshen 2023 mujallar likitoci ta BMJ a Ingila ta fitar da shawarar ƙwararru kan irin wannan ciwo in ya wuce wata uku, kuma abin da suka fi ƙarfafawa ba ƙwaya ba ce ba allura ba ce, motsa muƙamuƙi ne da miƙe tsoka ƙarƙashin kulawar mai kine, wato ƙwararren gashi da motsa jiki na asibiti, gyaran yadda ake riƙe wuya da kafaɗa, da zama da masanin halayya a koyi sarrafa damuwa da ciwon. Dan haka in kin yi sati shida kina abin da na faɗa ba canji, ki je wurin likitan haƙori a Babban Asibitin Zinder ki ce a duba miki gaɓar da tsokar, ba haƙori kaɗai ba, ki nemi a tura ki kine.

Maganar Inna kuwa, ki gaishe ta, ki ce ta ci gaba da addu'a muna so. Tsaga ko sakiya a gaban kunne ne ban yarda ba, jijiyar da ke motsa fuska ta nan take bi, ga jijiyar jini mai hawa gefen kai, aska ta kuskure a wurin sai a nemi maganin ciwo a samo karkataccen baki.

Tambaya: Dakta ni ɗalibi ne a Jami'ar André Salifou, in na buɗe baki sai ya yi ƙas a hagu, har abokaina na ji in muna cin abinci. Ba ya ciwo. Na duba intanet na ga abubuwa masu ban tsoro. Ƙashin ne ke cinyewa?

Amsa: Ƙanena ba abin da ke cinyewa. Gammon nan da na faɗa a sama ne ya ɗan zame gaba, in ka buɗe baki kan ƙashin ya hau kansa sai ka ji ƙas, in ka rufe ya sauka. Da aka ɗauki hoton gaɓar mutanen da ba sa kukan komai an tarar kusan ɗaya cikin uku gammonsu ya ɗan goce, suna cin tuwonsu lafiya. Ƙara ba ciwo ba ta buƙatar magani. Abin da nake roƙonka ka daina gwadawa, na san ku, mutum zai zauna a laccar safe yana ta buɗewa yana rufewa dan ya ji ko tana nan, ka yi ta tsokanar gaɓa har ta fara ciwon da ba ta yi. Ka gwada abu ɗaya kawai yau, yatsunka uku a tsaye su shiga tsakanin haƙoran gaba, wato milimita 40 ko kusa, in sun shiga ka manta da zancen. Ranar da ƙarar ta ɓace kwatsam kuma bakin ya ƙi wuce yatsa biyu yana karkata gefe guda, to gammon ne ya tokare hanya, wannan ka zo da wuri kar ka ɓanɓare da ƙarfi.

Tambaya: Likita ina wuni. Maigidana ne in yana barci yake tauna haƙora ƙurus-ƙurus kaman ana ɓarzar gero, ni ba na samun barci shi kuma ya ce ƙarya nake masa. Da safe yana kukan ciwon kai. An ce tsutsar ciki ce mun sha magani har sau uku. Daga Tudun Jamus.

Amsa: Hajiya ki ɗauke shi a waya wani daren ki kunna masa da safe, gardama ta ƙare. Mai yin abin ba ya ji, na kusa da shi ke shan wahala. Batun tsutsa ku bar shi haka, sau uku ya isa shaida, kuma dama ba a tabbatar tsutsa na sa babban mutum tauna haƙora ba. Abin daga barci yake tasowa, a ƴan lokutan da barci ke yin sama-sama, kuma damuwa na ƙara shi, haka sigari, da duk abin da ke hana ido rufuwa. Ban san maigidan ba amma bari in yi tambaya, ƙarfe nawa yake baro fada? In ana zaune kan shayi na ɗaya na biyu na uku har sha biyun dare, ga goro ga Nescafé, to daga nan za a fara, bayan la'asar a rage. In kuma yana minshari mai ƙarfi har numfashi na ɗaukewa ya farka firgigit ki faɗa wa likita wannan, dan sau da yawa tare suke tafiya kuma shi ya fi haɗari.

Akwai robar da likitan haƙori ke aunawa ya yi daidai bakin mutum, a nan gutiyer muke ce mata, ana sawa da dare. Gaskiyar magana ba ta hana taunar, haƙoran take karewa kar su side ko su tsage, ke ma ki samu barci dan ƙarar na raguwa. Wasu na samun sauƙin ciwo da ita wasu ba sa samu. Sharaɗi a auna ta a bakinsa, ta rufe haƙoran layin gaba ɗaya, da dare kawai, kar a sayo ta ƴan dambe a kasuwa. In ya ga da safe haƙoransa sun daina haɗuwa yadda suka saba ya cire ta ya koma wurin wanda ya yi. Masu yara da ke irin wannan kuma ku kwantar da hankali, yawancinsu suna bari da kansu in sun girma.

Tambaya: Dakta mahaifinmu ne a Mirya, ya haura 70. Ya yi hamma bayan sallar asuba bakin ya tsaya a buɗe ya ƙi rufuwa, yawu na zuba ba ya iya magana, muka ɗauka shanyewar jiki ce. Sai da aka yi ta tofi har azahar kafin muka kai shi gidan likita, majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, ya mayar cikin minti ɗaya. Yanzu sau uku kenan. Za mu iya koya mu riƙa mayarwa a gida?

Amsa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Wannan gocewa ce, kan ƙashin ya zame gaba ya tsallake wani ɗan tudu da ke gaban mazauninsa, tsoka ta ɗaure ta riƙe shi a can. Dabarar da majo ya yi tsohuwa ce ƙwarai, tana cikin wata takardar likitancin Masar ta dā da aka rubuta wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa. Yadda ake yi yanzu, a naɗe manyan yatsu da ƙyalle a ɗora kan haƙoran baya na ƙasa a danna ƙasa sannan baya. Da ido kaman wasa, amma ban ba ku shawarar ku yi ba. Bakin na rufuwa da ƙarfin tarko, yatsa na iya tafiya, kuma ƙashin tsoho ba ya son ganganci, wanda bai iya ba turawa baya yake yi kafin ya danna ƙasa, wasu ma naushin haɓa suke yi, Allah ya kiyaye. Abin da ke hannunku shi ne sauri, kowace awa da ta wuce tsokar na ƙara ɗaurewa, abin da za a yi da hannu a CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa ko ƙauye, da safe in ya kwana sai an yi allurar barci.

Bayan an mayar a ɗaure haɓar da ƙyalle ko rawani zuwa tsakar ka na ƴan kwanaki, abinci mai laushi, loma ƙarama na sati biyu ko fiye. In hamma ta zo ya tokare haɓa da dunƙulen hannu ko ya sunkuyar da kai haɓa ta taɓa ƙirji. Ku kai wa likita duk magungunan da yake sha, akwai na hana amai irin metoclopramide da wasu na taɓin hankali da ke murɗe tsokar baki. Tunda ya kai sau uku a gan shi a babban asibiti, akwai allurar da ake ɗibar jinin mutum a zuba a gaɓar dan ta ɗan tsuke, in ta ƙi sai ƙaramin aiki.

Tsoron shanyewar jiki da kuka yi ba laifi ba ne. Bambancin, mai shanyewa bakinsa na rufuwa sai dai ya karkace, hannu ko ƙafa na ɓangare guda ya mutu. Kowanne ne dai mota za a nema, tofin a yi shi a hanya.

Tambaya: Ni ɗan kabu-kabu ne a Sabon Gari. Sati uku da suka wuce na faɗi haɓata ta daki kwalta, an ɗinke wurin ya warke amma tun ranar haƙorana ba sa haɗuwa daidai, na baya ke fara taɓawa, gaban kunne na ciwo. Ina shan diklofenak da tramol wurin mai talla ina fita aiki.

Amsa: Ɗan'uwa taka daban ce da duk na sama, kai ba gashi da ruwan ɗumi zan ce maka ba. In haɓa ta daki ƙasa ƙarfin dukan na bin ƙashi ya tafi sama ya karya siririn wuyan da ke ƙarƙashin gaɓar, a ɗinke fatar haɓa a manta da can. Haƙora su daina haɗuwa bayan faɗuwa karaya ce har sai hoto ya ce ba ita ba. Gobe, ba jibi ba, ka je a yi maka radiyo, wato hoton ƙashi, mai ɗauko muƙamuƙi gaba ɗaya, in ya kama sikana a yi. Sati uku ƙashi ya fara kamawa, in ya kama a karkace gyaransa ya fi wuya ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Tramol kuma ka san abin da ya yi wa samarin garin nan ba sai na faɗa maka ba, yana kama mutum, yana sa farfaɗiya, kai kuma kan babur kake da fasinja a baya. Ga shi yana rufe maka ciwon kana ta tauna kan karaya. Diklofenak kullum na sati uku ciki ba abinci, olsa da ƙoda ake nema. In ka ga ba ka iya barin tramol ɗin ka faɗa wa likitan gaskiya a rage maka a hankali, ba kai ne na farko ba.

Tambaya: Dakta ni ɗan kasuwa ne a Kasuwar Dole, shekara biyu ina wannan ciwon, na gaji. Ina da hali alhamdulillah. In tafi Yamai ko Kano ko Masar a yi min aiki a huta?

Amsa: Alhaji kuɗinka ne, amma da kai yayana ne da na riƙe fasfo ɗin tukuna. A cikin masu wannan ciwo kaɗan ne ƙwarai ke buƙatar wuƙa, waɗanda ƙashi ya manne, ko ƙari, ko karaya, ko gaɓar ta lalace hoto ya nuna ƙarara. In tsoka ce ke ciwo ba abin da za a yanka ya warkar da ita. A Amurka cikin shekarun 1980 an cire wa dubban mutane gammonsu aka sa musu na roba mai Teflon, robar ta riƙa farfashewa tana cin ƙashi, sai a 1990 hukumar magungunansu ta FDA ta fitar da gargaɗi aka janye ta, da yawa sun ƙare da ciwon da ya fi wanda suka zo da shi. Ƙwararrun nan na BMJ ma cire gammon na cikin abin da suka hana da babbar murya, shi da duk robar da ke canza zaman haƙora dindindin. Duk wanda ya ce zai kankare maka haƙora ko ya sa maka waya dan ciwon ya tafi, ka nemi ra'ayin likita na biyu. In tafiyar za ka yi ka yi ta dan a gano ainihin abin, a duba ko akwai ciwon gaɓoɓi a sauran jiki, a haɗa ka da kine mai kyau, akwai kuma amitriptyline ɗan kaɗan da dare da likita kan rubuta wa ciwon da ya daɗe.

Ba ka faɗi shekarunka ba. In ka haura 50 kuma muƙamuƙin na gajiya da ciwo in kana tauna ya lafa in ka tsaya, ga sabon ciwon kai a gefen goshi ko gani na dishewa, wannan kumburin jijiyar jini ne mai iya makantarwa, ranar za a je asibiti. Haka ciwon haɓa da ke zuwa in kana sauri ko hawan bene tare da nauyin ƙirji da gumi, musamman ga mai hawan jini ko suga, zuciya za a duba ba haƙori ba.

Tambaya: Likita ƴar ƙanwata ce a wani ƙauye bayan Magarya, shekararta 7. Tana da shekara uku bayan ta yi ƙyanda dasashinta ya ruɓe kunci ya huje, Allah ya tashe ta, amma tun da ya warke bakin ba ya buɗuwa, ta gefe ake ɗura mata kunu. An ce haka Allah ya yi ta. Akwai abin yi?

Amsa: Akwai, ƴar'uwa, kuma na ji daɗi da kika rubuto. Yadda kika kwatanta wannan cutar noma ce, mai zaizaye baki, tana kama yara ƴan shekara 2 zuwa 6 da yunwa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. In ba a yi magani ba har tara cikin goma na iya mutuwa, to yarinyar nan ta tsallake babban rami. Rufewar bakin tabon ne ya ƙanƙance ya ɗaure muƙamuƙi, wani lokaci har ƙashi ya manne da ƙashi. Ba a ɓanɓarewa da cokali ko icce, kar a bari kowa ya gwada. Aiki ake yi a saki wurin, bayansa kuma watanni na motsa baki kullum, in aka yi sakaci da wannan sai ya sake rufewa, dan haka duk wanda zai kawo ta ya zo da shirin zama. Sa'ar da muka yi a nan cikin Zinder akwai cibiyar ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwis da ke kula da yaran noma tun 1992, a Sakkwato ma akwai asibiti sukutum na wannan cuta, kuma a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci.

Ki faɗa wa matan ƙauyen, yaro ramamme da dasashinsa ke jini, baki na wari, kunci ya fara kumbura, a kai shi CSI a ranar, a wannan matakin maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki na tsayar da ita, kwana kaɗan ne tsakanin kumburi da hujewa. Sannan duk wanda bakinsa ya ƙulle kwatsam, yaro ko babba, kwana 3 zuwa sati 3 bayan ya taka ƙusa ko ƙaya ko an yi masa tsaga ko kaciya, wuya ya sandare, tetanos ne, wannan ba ya jiran wayewar gari.

Ita kuwa yarinyar ku fara da majo na CSI ɗinku ya rubuto takardar turawa, ku haɗo da katin rigakafinta in yana nan, uwar ta zo da ita da kanta dan ita ta san yadda abin ya faro. Kafin nan a riƙa dama mata kunun da gyaɗa da madara, a sa ƙwai in da hali, a kuskure mata baki da ruwan gishiri mai ɗumi bayan kowane sha, dan likitocin ba sa yin aikin sai yaro ya yi ƙwari.